Lasisin Ɗaukar Bindiga a Ɓoye a Amurka: A Hannun Wa Sunanka Yake?

Da yawa suna zaton gwamnatin tarayyar Amurka tana da wani babban kundi mai sunan duk wanda ya mallaki bindiga. Babu shi. Wata dokar 1986 ta haramta kafa irin wannan rajista, sai dai ga rukunan da dokar 1934 ta ware tun da can, irin su mashinga da na'urar rage ƙarar harbi.

Mai saye zai cike fom mai lamba 4473 a shagon dillali mai lasisi: suna, adireshi, ranar haihuwa, a haɗa da lambar jikin bindigar. Dillali ya nemi a duba tarihinsa ta tsarin NICS na hukumar FBI. In an amince, wajibi ne a goge bayanan mai sayen daga tsarin cikin awa 24. Fom ɗin kuwa a shago yake zama. A da, bayan shekara 20 dillali na iya zubar da shi, amma ƙa'idar 2022 ta ce ya riƙe har ranar da zai rufe shago, sannan ya aika da takardun cibiyar ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, da ke Martinsburg a jihar West Virginia. Can ma ba a yarda a bincika su da sunan mutum ba. In an tsinci bindiga a inda aka yi aika-aika, sawu ake bi daga kamfanin da ya ƙera ta, zuwa babban dillali, zuwa shago, har mai saye na farko.

Ɓarakar tana wajen jihohi. Mai neman lasisin yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye yakan ba da hoton yatsu da adireshin gida, sau da yawa har da shaidar horo. Daga nan fayil ɗinsa ya zama takardar gwamnati, kuma in ba a yi masa togaciya ba, dokar 'yancin samun bayanai tana hawa kansa.

Da wannan ƙofa jaridar The Journal News ta shiga a Disamban 2012, kwanaki kaɗan bayan harbin da aka yi a makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut. Ta sa taswira a intanet mai sunaye da adireshin masu lasisin ƙaramar bindiga a gundumomin Westchester da Rockland na jihar New York. Ba ta karya doka ba, amma a ganina ta yi ganganci: taswirar ta nuna wa ɓarawo gidan da ke da bindiga da wanda babu, ta kuma tona inda matar da ta gudu daga miji mai duka ta koma. A Janairun 2013 gwamnan New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya sa hannu a dokar da ta ba mai lasisi damar neman a sakaya sunansa. Lura da kyau, sai ka cike takarda ka nema. Florida kuwa tun 2006 ta rufe fayilolin ga kowa da kowa.

Rufewa a doka ma ba ta hana sakaci. Ranar 27 ga Yunin 2022, ma'aikatar shari'a ta California ta buɗe shafin ƙididdigar bindigogi, ashe ainihin fayil ɗin da aka ciro alƙaluman yana maƙale a baya, kowa na iya saukewa. Bayanan mutum kusan 192,000 da suka nemi lasisi daga wajajen 2012 zuwa 2021 suka fita, har da waɗanda aka hana: suna, adireshi, lambar lasisin tuƙi, tarihin laifi. Shafin bai cika awa 24 ba aka sauke shi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kuskuren shi ne ba a cire sunaye daga fayil ɗin ba kafin a haɗa shi da shafin.

Yanzu fiye da rabin jihohi 50 ba sa buƙatar lasisi ko kaɗan. Duk da haka mutane suna karɓa, domin da shi ne wata jihar za ta yarda ka shigo mata da bindiga, kuma karɓarsa na nufin sunanka ya shiga fayil.