Na buɗe jakar, babu komai

Jiya na miƙa katin shiga, na kwashe kayana. Shekara uku ina kula da mutum-mutumin da ke jigilar kaya a sito, amma rana ɗaya ce ta tsaya mini a rai.

Ku da muka yi aiki tare kun san jaka, fayil ɗin ROS (manhajar sarrafa mutum-mutumi) da ke adana abin da lesa, wato idon injin, ta hango, gudun injin da hanyar da ya zaɓa. Akwai ta da cin wuri. Wata safiya oga ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, rage wannan shirgin, kuɗin ajiya ya yi yawa." Na ce to, ranka ya daɗe. Ban nemi ya sa a rubuce ba.

Bayan wata biyu, ɗaya daga cikin injinan ya bugi wani lebura a ƙwauri. Aka tara mu ana tambaya: ya gan shi kuwa? Ya zaci kwali ne? Birki ne ya makara? Na buɗe jaka, ba komai sai lokaci da ƙarfin batir. Oga ya dube ni ido cikin ido ya ce bai tuna mun yi wannan magana ba. Aka ce lebura ne ya tsallake layin rawaya, ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi.

Abin da ya fi ci mini rai, ba rashin sani ba ne. Na san labarin Tempe a jihar Arizona, inda motar Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata a watan Maris na 2018. Masu bincike sun gano cewa motar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon, tana ta sauya ra'ayi: mota ce, keke ne, wani abu ne daban. Sun gano ne don bayanan suna nan. Na kuma karanta shawarar masana biyu, Alan Winfield da Marina Jirotka, ta 2017, cewa a sa wa mutum-mutumi baƙin akwati mai adana bayanai, irin na jirgin sama. Duk da haka da hannuna na kashe namu.

Sauran darussan ƙanana ne: umarnin baki a bi shi da imel, kuma bayanin da lebura ba zai gane ba bai kammala ba.

Kafin in tafi na mayar da jakar yadda take, ban tambayi kowa ba. Leburan ya dawo aiki yana ɗingishi. Da na je yi masa sallama, ya riƙe hannuna ya ce, "Injiniya, tsakani da Allah, abin nan ya gan ni?"