Asabar, ni da tsohon injin zarton Kawu

Iskar daren jiya ta kayar da darbejiyar bayan gidanmu, ta tare lungu, ko mai babur ba ya wucewa. Gari na wayewa Kawu ya ce in fito da injin zarto. Stihl 070 ne, ƙirar Jamus, mai cc 106, nauyinsa kuwa sai wanda ya ɗaga. Irinsa ne masu yankan katako a dazukan kudu suke ji da shi har gobe. Rabon da a tayar da namu tun bayan kakar bara, lokacin da wani ya ara ya dawo da shi da fetur a ciki, aka jingine shi haka.

Ina buɗe murfin tanki wani wari ya buge ni, kamar na tsohon fenti. Na zubar da shi kaf, muka zauna haɗa sabo, nan fa gardama ta tashi. Kawu so yake a zuba baƙin mai na mota, wai da shi suka yi aiki shekara da shekaru. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, 2T za mu sa." 2T shi ne man da aka yi musamman don gaurayawa da fetur a irin wannan injin. Idan mai kyau ne, mililita 100 ya ishi lita 5 na fetur, wato 50 da 1. Da yake namu na kasuwa ne, sai muka ninka, 200 a lita 5.

Na rufe cok, na ja igiya, ya yi tari, ya kama. Ina buɗe cok na matsa totur sai ya mutu. Haka muka yi ta yi har kafaɗata ta fara ciwo.

"Kawo sukundireba a buɗe masa mai," in ji Kawu.

Wannan ce cutar da ke kashe injuna a unguwarmu. Kowa idonsa na kan sukurorin nan biyu na jikin kafireto, L na ƙaramin gudu da H na babban gudu, alhali sukuru ba ya juya kansa a ɗakin ajiya. Injin da aka ajiye yana aiki lafiya, saitinsa na nan yadda aka bar shi, wani abu ne dabam ya canja. Na kwance fulogi: wuta shuɗiya tas, amma bakinsa a bushe duk da jan da na sha. Na ɗiga ɗan haɗin mai a ramin, na mayar, na ja. Ya tashi da ƙarfinsa, ya cinye abin da na ba shi, ya yi shiru. Ke nan wuta lafiya, matsi lafiya, mai ne ba ya isowa.

Sai na bi hanyar man tun daga tushe. Na lanƙwasa waya na zaƙulo filta daga cikin tanki, ta yi baƙi ƙirin, ko iska ba ta wucewa in ka hura. Tiyon kuma ya sandare, da na ɗan lanƙwasa shi sai ga tsaga a kusa da inda ya fito daga tanki. Tiyo mai tsaga iska yake zuƙa maimakon fetur.

Kafireton ne ya ci mini rana. Ba irin na babur ko janareta ba ne mai kwanon mai a ƙasa, domin zarto a karkace yake aiki, wani lokaci ma a kife. Fatu biyu ne sirara suke yin aikin. Ɗaya bugun iskar da fistin ke yi a cikin inji ne yake kaɗa ta, ita kuma ta turo mai. Ɗayar tana danna wani ɗan ƙarfe da ke ɗaga allura, mai ya shiga daidai gwargwado. Lafiyayyiyar fata laushi gare ta. Tamu da na taɓa ta da yatsa sai ta yi ƙaras-ƙaras, ta riƙe lanƙwasar da na yi mata. 'Yar rariyar da ke mashigar mai kuwa ta toshe da wani danƙo ruwan ƙasa, ragowar tsohon fetur. Kafin in raba sassan na ɗauki hoto da waya, don in aka sa fakin, wato siririn shafin da ke hana yoyo, a inda fata za ta zauna, injin ba zai taɓa yin daidai ba.

Bayan azahar na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai shagon ya dage sai in sayi sabon kafireto gaba ɗaya, wai ya fi sauƙi. Na juya shi a hannu, na ji rashin nauyinsa, na ce ya ba ni fatu da fakin da tiyo da filta kawai.

Na wanke komai da sabon fetur, na hure ƙananan ramukan ba tare da na cusa musu waya ba. Sukurorin na rufe su a hankali har suka zauna, sannan na buɗe kowanne zagaye ɗaya. Ana idar da la'asar injin ya tashi, yara suka cika lungu. Na yi 'yan mintoci ina yanka, sai ya fara sanyi, ya mutu. Kawu bai ce komai ba, kallona kawai ya yi. Na murɗa murfin tanki, na ji "fiss". 'Yar kafar da ke shigar da iska cikin tanki ce ta toshe, mai na raguwa babu abin da ke maye gurbinsa, har famfon ya kasa ja. Na share ta, magana ta ƙare.

Sai a lokacin na taɓa saiti. L na ɗan buɗe har ya daina jinkiri in an matsa totur, na rage silo, wato gudun injin in ba a matsa totur ba, har sarƙa ta tsaya cak. H na bar shi da ɗan yawan mai, yana gurnani in ba ya cikin itace, muryar ta washe in ya shiga yanka. Wani saurayi ya ce in ƙara matse shi ya yi kuka sosai. Na ce masa man da ke shafa fistin a cikin fetur ɗin yake, in ka rage ɗaya ka rage ɗayan, fistin ya goge, sai sayen sabo.

Magariba ta same mu mun buɗe hanyar babur, kututturen na nan. Sarƙar ta dakushe, gari take fitarwa maimakon ɓawo, kuma fayil, wato magogin ƙarfe mai kaurin milimita 5.5 da ake wasa irinta da shi, ya ɓata a gidan. Na juye sauran man a galan, na bar injin ya yi aiki har ya shanye na cikin kafireto. Litinin zan nemo fayil.