Idan masinjan kotu ya yi sallama

A wajenmu nan Ƙofar Marusa a birnin Katsina, da zarar masinjan kotu ya tsaya da babur yana tambayar gidan wane, sai yara su ce ba ya nan, daga cikin gida kuma a aiko cewa ya yi tafiya. Wannan ɗabi'a tana ci mini rai, domin mai gidan ake cuta.

Sammaci takarda ce da ke gaya maka wanda ya kai ƙararka, a kan me, da ranar da za ka bayyana. Ƙa'ida ita ce a miƙa maka hannu da hannu, ka sa hannu ko ka dangwala, masinja ya koma ya shaida wa kotu a rubuce cewa ya isar. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, shi ya sa ake iya soke hukuncin da aka yanke wa wanda sammaci bai kai gare shi ba.

Amma ɓuya ba ta tsayar da shari'a. Mai ƙara zai roƙi alƙali izinin a liƙa takardar a ƙofar gidanka ko a buga a jarida, kuma daga nan doka ta ɗauka ka gani. Na san dattijon da gonar gado ta kuɓuce masa ta wannan hanya, alhali shaidunsa suna raye, ba wanda ya ji ta bakinsu.

Idan wanda ake ƙara yana wata jiha, kamar Kano ko Kaduna, sammacin Babbar Kotun jiha sai an rubuta a jikinsa cewa wata jiha za a kai shi, kuma a ba shi aƙalla kwana 30 kafin ya amsa.