Abin da tsibirin Chumbe ya koya mini a kan aikin teku

Duk wanda ya karanci kimiyyar teku a Legas ya san murjani a takarda ne kawai. Gaɓarmu ba ta da shi irin na Tekun Indiya, domin koguna suna kwararo laka da ruwan daɗi cikin teku, shi kuwa murjani ruwa garau mai gishiri yake so, wanda hasken rana ke ratsawa. Shi ya sa da aikin fili ya kai mu Chumbe, wani ɗan tsibiri kudu maso yammacin birnin Zanzibar a Tanzaniya, na tafi da zumuɗi. Ranar da zan tashi kawuna a Agege cewa ya yi, "Ɗana, duk ruwan da ke Legas bai ishe ka ba?" Na ce, "Kawu, akwai abin da babu a namu." Ya sa mini albarka, ya ce in kula da salla.

Tun 1994 aka killace ruwan yammacin tsibirin, ba a su a wurin. Doka ta farko da masu gadi suka ba mu kafin mu sa tabarau mu shiga ita ce: kada a taɓa komai, kada a taka komai. Murjani dabba ne mai rai, ko da yake ido zai ce dutse ne. Ƙananan halittu ne suka taru suna gina gida na farar ƙasa, a jikinsu kuma akwai wata gansakuka da ke ba su launi da yawancin abincinsu. Wasu nau'o'in santimita ɗaya zuwa biyu kacal suke ƙaruwa a shekara, don haka taku ɗaya na iya karya ginin shekaru.

Amfanin dokar bai tsaya ga kare murjani ba, kuma nan ne na fi ƙaruwa. Idan mutum ya harɗe hannuwa a ƙirji ya kwanta lamo a saman ruwa, sai kifaye su manta da shi. A haka na ji ƙarar kifin nan mai baki irin na aku yana kankare murjani, ƙaras-ƙaras, yana tafe yana fitar da farin rairayi ta baya. Rairayin da muke takawa a bakin tsibirin, wani kaso daga cikinsa ya bi ta hanjin wannan kifi. A haka kuma wani kunkurun teku, mai lanƙwasasshen baki kamar na shaho, ya zo dab da ni yana tsattsagar soson ruwa daga cikin ramuka. Ya ɗago ya dube ni, ya hau sama ya shaƙi iska, ya koma kan abincinsa. Wanda ya bi shi da kyamara bayansa kawai yake ɗauka. Da dare kuma mun ga ƙaguwar kwakwa tana hawa bishiya, dabbar da nauyinta ke kaiwa kilo 4.

Mun ga wuraren da murjani ya yi fari fat. Idan zafin ruwa ya ɗara yadda aka saba da digiri 1 kawai a ma'aunin Selshiyos, ya kuma daɗe makonni, murjani yakan kori gansakukar da ke ciyar da shi, in sanyi bai dawo ba ya mutu da yunwa. Haka aka yi a Tekun Indiya a 1998, a watan Afrilun 2024 kuma hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da yanayi ta sanar da karo na huɗu da abin ya game duniya. Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman da na tuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da irin waɗannan wurare.

Masu gadin nan da suka koya mana natsuwa, da yawansu tsofaffin masunta ne daga ƙauyukan kusa. Su suke fita su yi wa 'yan'uwansu bayani cewa kifin da ya hayayyafa a killataccen wuri zai bazu zuwa inda ake su. A ganina wannan ne ƙashin bayan aikin, fiye da duk na'urorin da muka ɗauko.

Mu a Legas kunkuran teku muke da su, suna faɗa wa ragar masunta a wajejen Ibeju-Lekki, wasu su ƙare a kasuwa. Yanzu idan na je bakin ruwa ba na fara da wa'azi. Nakan gaishe da dattijon da ke gyaran raga, in ce "Baba, sannu da aiki," in zauna a gefen kwale-kwale in saurara. Shi zai faɗa mini watan da kunkuru ke yawa da inda suke haƙa rami su yi ƙwai. Shi kuma zai nuna mini yagar da kunkuru ya yi wa ragarsa, ya faɗi kuɗin ɗinkinta. Duk shawarar da nake rubutawa yanzu a kan sakin kunkuru, da kuɗin gyaran ragar nake farawa.