Kunne Ba Ya Komawa Baya

Labarin farko da na rubuta a ɗakin labarai na gidan rediyo bai ga situdiyo ba. Editan da aka haɗa ni da shi, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, ya karɓi takardar, ko kallo bai yi mata ba ya mayar mini. Ya ce, "Tashi tsaye ka karanta mana da ƙarfi." Na fara. Jimlar farko layi huɗu ce, kafin in kai ƙarshenta numfashi ya ƙare mini, na tsaya haɗiyar yawu a tsakiyar sunan wata hukuma. Ba wanda ya yi dariya, kowa ya ci gaba da aikin gabansa, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan. Baba ya ce, "To ɗana, kai da ka rubuta ma ka sarƙe, ina ga direban da ke jin ka yana tuƙi? Mai karanta jarida in bai gane ba sai ya koma sama. Kunne ba ya komawa baya."

A lokacin na ɗauka maganar gajarta jimla kawai yake yi. Sai da na daɗe a aikin na ga kusan duk ƙa'idar gidan daga nan ta fito. Dalilin ke nan da ake fara faɗin wanda ya yi magana kafin a faɗi abin da ya ce: in ka ce "an shawo kan matsalar, in ji minista", mai sauraro ya riga ya ɗauka gidan rediyo ne ya tabbatar, "in ji" ɗin ta zo a makare. Dalilin ke nan da ba a karanta mutum 4,987, sai a ce kusan mutum dubu biyar. Kuma shi ya sa ake maimaita sunan garin da abu ya faru a ƙarshen rahoto, saboda wanda ya kunna akwatinsa a tsakiya.

Fassara ce ta fi ba ni wuya. Labaran kamfanonin dillancin labarai da Turanci suke zuwa, ni kuwa sai in bi su kalma bayan kalma kamar mai taka sawun wani a yashi. Baba ya kan ce in karanta sau biyu, in kife takardar, sannan in gaya masa abin da ya faru kamar na tarar da shi a hanya. Abin da na faɗa da baki, shi zan rubuta. A nan na fara ganin girman aikin waɗanda suka riga mu. Sashen Hausa na BBC ya fara a watan Maris na 1957, gidan rediyon Arewa da ke Kaduna a 1962, sashen Hausa na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Kalmomi irin su tsagaita wuta, ƙuri'ar raba gardama, gwamnatin riƙon ƙwarya, hauhawar farashi, yau yaro ma ya san su, amma da yawansu a bakin masu karanta labarai suka zauna daram, ana maimaita su safe da yamma har kunne ya karɓa. Wasu kuwa an ƙirƙiro su kunne ya ƙi, suka mutu ba wanda ya yi musu zaman makoki.

Inda aikin ya daina zama na harshe ya koma na zuciya shi ne wajen jera labarai. Wane ne zai zo farko? A gidan da na yi aiki, amsar ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: mai mulki tukuna, sai mataimakinsa, sai sauran duniya. Wani dare wakilinmu ya aiko da rahoton ɓarkewar amai da gudawa a wasu unguwanni, da muryar likita yana bayanin yadda za a tafasa ruwa da inda za a kai mara lafiya. A ranar kuma mai mulki ya karɓi wasu baƙi da suka kai masa ziyarar ban girma. Ni na jera kamar yadda na saba gani. Baba ya zo ya zare takardar ziyarar daga sama ya mayar da ita ta huɗu. Na ce, "Ranka ya daɗe, za a yi magana fa." Ya ce, "Za a yi. Amma matar da ɗanta ke kwance ba za ta jira minti bakwai ba." An yi maganar kuwa. Washegari takardar tuhuma ta same shi, ya amsa da layi uku, ya ajiye kwafinta a aljihun tebur inda na hango wasu irinta.

Ba zan yi ƙarya in ce kullum haka muke yi ba. Sau da yawa ziyarar ban girma ce ke cin nasara, sai dai mu rage ta zuwa jimla biyu mu ba labarin gaske fili. Daga nan na gane bambancin da ke tsakanin rediyon gwamnati da rediyon jama'a, duk da cewa a baki sunan ɗaya ake ba su. Bambancin yana wuri biyu: daga ina kuɗi ke zuwa, kuma wa ke da ikon sallamar shugaban gidan. BBC da aka kafa a 1922 tana tafiya ne a kan kuɗin lasisi da jama'a ke biya, da kuma takardar izini ta masarauta tun 1927. A Jamus, tun 2013 kowane gida ke biyan kuɗin kafafen watsa labarai na jama'a. A Amurka an kafa rediyon jama'a na NPR a 1970, tashoshinta kuma suna roƙon gudummawa daga masu sauraro kai tsaye. Ko waɗannan ma ba su tsira daga jan-in-ja da masu mulki ba. To ina ga gidan da albashi da man janareta duk daga baitulmali suke fitowa? A Najeriya sai a 1992 doka ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu. Kafin nan duk tashar cikin gida da ka murɗo ta hukuma ce. Masu neman mulki kuwa sun daɗe da sanin darajar makirfo: a Janairun 1966 ta rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa na juyin mulki, a Fabrairun 1976 Laftanar Kanar Dimka gidan rediyon Legas ya nufa.

Kuskurena mafi muni da safe na yi shi. An aiko da labarin hatsarin mota, na ɗauki adadin mamata daga bakin mutum ɗaya da ya ce a gabansa aka yi, ban nemi asibiti ba, ban nemi jami'an kiyaye haɗurra ba. Adadin ya ninka na gaskiya. Mun gyara da rana, muka ba da haƙuri. Amma waɗanda suka ji da ƙarfe bakwai ba su ne suka ji da sha biyu ba. Tun daga ranar, ko wayoyi sun cika da labarin rasuwar wani, ba na barin ya fita sai an ji daga iyali ko asibiti, ko da duk tashoshin gari za su riga mu.

Da aka mayar da ni filin tattauna al'amuran yau da kullum, sai na tarar ni ma ban iya sauraro ba. Ina hira da wani jami'i kai tsaye, idona na kan tambaya ta gaba, shi kuwa yana cikin magana ya amsa cewa kuɗin aikin sun fito tun bara. Na ce masa madalla, na wuce. Furodusarmu, wadda muke kira Anti, ta yi magana a abin kunnena: "Kai, ka ji abin da ya faɗa kuwa?" Kafin in dawo da shi ya riga ya gyara zama, ya shiga godiya ga shugabanni. Yanzu tambaya uku kawai nake shiga da su, sauran daga bakin baƙo nake tsinto su. Game da buɗe layin waya kuwa, yatsana ba ya barin maɓallin rage murya. Duk wanda ya san yadda rediyon RTLM ya rura wutar kisan kiyashi a Ruwanda a 1994 ba ya wasa da wannan.

Shirye-shiryen al'adu su ne 'yan bora a gidan. Ana ba su lokacin da ba mai talla, ana tura musu sabon ma'aikaci ko wanda ake fushi da shi, kuma in jawabin wani babba ya yi tsawo su ake fara yankewa. Ni ma da raini na karɓe su. Sai ga shi labaran da muka yi ta gumi a kansu ba mai neman su bayan kwana biyu, amma hira da tsohon makaɗi ko mai ba da tarihi, bayan shekaru ana zuwa tambaya ko tana nan. Sau da yawa ba ta nan. Zaren ɗaukar magana yana da tsada a da, sai a goge tsohon shiri a ɗora sabo. Ba mu kaɗai ba ne, BBC ma ta goge ɗimbin shirye-shiryenta a shekarun 1960 da 1970 saboda wannan dalili.

Wata rana aka sa ni kwashe tsofaffin faya-fayai zuwa kwamfuta. Na ɗauko wani kwali da ƙura ta rufe, an rubuta da jan biro cewa hira ce da wani makaɗi da ya daɗe da rasuwa. Injiniya ya ɗaura zaren, muka zauna. Abin da ya fito jawabin buɗe wani ofishi ne, da tafi, da jerin sunayen manyan baƙi, minti ashirin da wani abu. Har na miƙa hannu zan kashe, sai aka ji ƙas, sai ga muryar tsoho a tsakiyar jimla, yana dariya yana faɗin yadda maigidansa ya hana shi taɓa ganga shekara uku, sai dai ya ɗauka ya bi shi a baya yana ji. Mai hirar ya tambaye shi me ya koya a shekarun nan. Tsohon ya ja numfashi, ya ce, "To, ka ga na farko dai..." Zaren ya ƙare, bakinsa ya ci gaba da kaɗawa a jikin na'ura har injiniya ya tashi ya tsayar da ita.