Sana'ata zane, amma ba na koyar da zane

Duk wanda ya shigo ɗakin aikinmu karon farko maganarsa ɗaya ce: "Ni fa ban iya zane ba." Nakan ce madalla, kai muke nema. Gwanin zane ya fi ba mu wahala, domin hankalinsa na kan kyawun hoton, mu kuwa abin da ke cin mutum a rai muke so ya sauko kan takarda, domin sana'armu ita ce rage wa mutum damuwa ta hanyar zane. A 2016 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka sun zaunar da mutum 39 suka yi aikin zane da yumɓu na minti 45, sai sinadarin damuwa da ake kira kotisol ya ragu a jikin kusan kashi 75 cikin ɗari nasu, gwani da ɗan koyo duk ɗaya.

Ba mu muka ƙago sana'ar ba. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa mata suna "art therapy", wato jinya da zane, a 1942, bayan ya yi jinyar tarin fuka ya ga yadda fensir ya rage masa zullumin kwanciya. Abin da ya zama namu shi ne yadda muke zama da mutum.

Mukan fara da rufe ido. Ka riƙe gawayi da hannun da ba ka saba rubutu da shi ba, ka yi ta jagwalgwala layi, sannan ka buɗe ido ka jujjuya takardar har wata siffa ta fito maka. Daga nan sai aikin da na fi ji da shi, wato fuska biyu. A wajen kwali ka zana fuskar da kake nuna wa jama'a, a cikinsa wadda kake kwana da ita. Wani bawan Allah ya ƙawata wajen da launuka cikin minti goma, cikin kuwa ya zuba masa ido har rabin awa bai sa ko ɗigo ba. Ban ce uffan ba. Can ya ajiye burushi ya ce, "Ashe na daɗe ban tambayi kaina me nake so ba."

Wannan shirun da tsada na saye shi. Ina sabuwar shiga, wata mata ta cika takarda da ja, na yi caraf na ce mata fushi ne ke damunta. Ta kalle ni ta ce launin rigar marigayiya mahaifiyarta ne. Da ta fita malamata ta tambaye ni, "Ke boka ce?" Wata uku ta sa ni feƙe fensir da wanke burushi, ina saurare ba bakin magana. A nan na koyi cewa mai hoto shi ke da fassararsa, nawa tambaya ce kawai: ina ka tsaya a cikin hoton nan, wane ɓangare ne ba ka son kallo?

Shi ya sa 'yan kwaikwayo ke ƙona min rai. Mutum ya kalli bidiyo biyu a intanet, ya sayo littafin shafa launi, gobe ya buɗe shago yana gaya wa mutane wai wanda ya zana gida ba ƙofa ba ya son jama'a. Su karya farashi, su bar mutum da tabon da suka sosa ba su san yadda za su rufe ba, sannan a zo mana ana ciniki, "Ai takarda da fensir ne kawai." Mu ko in mun ga alamar ciwon ya wuce abin da zane zai iya, likita muke haɗa mutum da shi, ba ma riƙe abin da ya fi ƙarfinmu.

Takardar ma ai ba kowace ba ce. Fentin ruwa yana son mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, wadda ba ta saurin lanƙwashewa in ta jiƙe. Sau biyu wani dillali yana aiko min da sirara a kwalin mai kauri. Ka yi tunanin mutum ya buɗe zuciyarsa, takarda ta huje masa a tsakiya! Yanzu kowane ƙunshi sai na jiƙa ɗaya na gwada kafin in karɓa.

Aikin gida da muke bayarwa da'ira ce guda kowace safiya, a cika ta da duk abin da ya zo, a sa kwanan wata a baya. Haka masanin halayyar ɗan'adam Carl Jung ya riƙa yi a littafinsa wajen 1918. Bayan wata uku mukan shimfiɗa su duka a ƙasa bi da bi, mai su ya tsaya a kansu, ni kuma in ja kujera gefe in jira ya fara magana.