Tarihin Halittu, Kashi na 9: Dutsen Burgess

A makon jiya mun tsaya a kan zamanin Kambiriyan, wanda ya fara kimanin shekara miliyan 539 da suka wuce. Yau sai aikin haƙo burbushin halittu kansa, a dutsen Burgess da ke British Columbia a Kanada, inda Charles Walcott ya gano burbushin halittun teku a 1909.

Wurin yanzu kan tsauni yake, amma shekara miliyan 508 baya ƙasan teku ne, a gindin wani gangare. Laka kan zabtaro ta binne dabbobin nan take, ga ƙarancin iskar oksijin, sai ruɓa ta yi jinkiri. Shi ya sa har hanji da idanu suka tsira, ba ɓawo kaɗai ba.

Dutsen falle-falle yake. Ana ɗora ƙarfe mai faɗin baki a gefensa, daidai layin falle, a buga da guduma a hankali. In aka buga ta sama, ya farfashe ke nan. Idan ya buɗe, dabbar kan rabu biyu, wani sashe a wannan fuska, wani a waccan. Tilas a ba fuskokin lamba ɗaya, a naɗe su tare. Wanda ya raba su ya zubar da rabin dabba. Burbushin kuwa siririn shafe ne baƙi a kan dutse mai duhu, ba ya fitowa sosai sai an jiƙa shi ko an hasko shi ta gefe.

Babban kuskure a wajen fassara burbushin yake, kuma nan ne ya fi damuna. Dabba takan wargaje kafin ta binnu. Anomalocaris, ɗaya daga cikin manyan mafarauta a wurin, an fara samun hannunsa, a 1892 aka ɗauka jikin jatan lande ne. Bakinsa mai kama da yankan abarba aka ba shi wani suna daban. Sai a 1985 masana Whittington da Briggs suka nuna dabba guda ce. Hallucigenia kuma, wata 'yar dabba mai kama da tsutsa, a kife aka zana ta a 1977, ƙayoyin bayanta aka mayar ƙafafu, sai a 1991 aka juyo ta.

Wurin na cikin gandun Yoho, ba a ɗaukar ko tsakuwa sai da izini. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba Opabinia, dabba mai ido biyar.